Fiffike Mai Laima a Dajin Gayam

Ku da kuke biye da ni a wannan labari, yau sai kun yi haƙuri da ni, don har yanzu hankalina bai gama dawowa jikina ba. Wanda kuma yau ya fara leƙo mu, bismillah, ga wuri. Sunana Huseina, 'yar maƙerin farin nan na Birnin Gwari, Malam Nababa, Allah ya yafe mini kama sunan uba. Mu biyu aka haifa rana ɗaya, ni da Hassan. Na taɓa aure, ba mu daɗe ba sanƙarau ya ɗauke mijin, na gama takaba na dawo ɗakin Inna. Hassan kuwa, tun da yaƙin Turawa da Jamus ya yi zafi ya bi samari zuwa Kano, ya sami aikin boyi wajen wani Bature matuƙin jirgin sama.

Abokinsa da suka tafi tare, Salmanu, shi kaɗai ya dawo da rani. Ya ce mana Hassan ya bi maigidansa ƙasar Masar, sai an gama yaƙi. Inna ta yi kukanta ta share hawaye. Ba a jima ba Salmanu ya fara sallama a ƙofar gidanmu bayan la'asar, kuma ba wajen Baba yake zuwa ba.

Ba zan ɓoye muku ba, ina sonsa. Abin da ban sani ba shi ne ko shi yana sona.

Ranar da zan ba ku labarinta, Gwaggo Maiturare, yayar Baba, ta shigo tun hantsi da kwandon turarenta a ka. Ta zauna bakin gadon Inna, ta ture taskira da ƙafa, ta dube ni ina jera ƙorai.

"Abarshi na Kuyello ya sake aikowa," in ji ta.

"To, Gwaggo."

"Ba to ba. Mutum mai rumbuna, mai jakuna, matarsa ta rasu, gida ba mace. Kafin azumi yake so a ɗaura. Shi wancan naki mai zanen ƙasa me ya ce?"

"Bai ce komai ba tukuna."

"Tun rani yake kashe mana tabarma, ga damina ta raba. Me kuke faɗa ne in ya zo?"

In ce mata me? In ce fukafukai muke faɗa?

Inna ta ce, "Yaya, ki bar ta. Bazawara ce, zaɓi nata ne."

"Zaɓi nata ne, surutun gari namu ne."

Da la'asar na yi wanka, na ɗaura zanena saƙi mai ratsin ja, na yafa fatalar da Hassan ya aiko mini daga Kano. Na sa tozali, na ɗaura murjani, na shafa ɗan turaren da Gwaggo ta manta a bakin gado. Na ce a raina, yau ko dutse ne sai ya yi magana.

Na same shi a zaure kan tabarma, da wandon kakinsa na filin jirgi da 'yar shara fara, ya ajiye takalman sojan nan masu nauyi a gefe. Dogo ne, baƙi, mai ƙananan idanu, kuma har yau in ya motsa ina jin kamar ƙanshin man inji bai bar jikinsa ba. Muka gaisa. Ya dube ni ya daɗe, har na ji kunya na sunkuyar da kai. Na ce to, ga ta nan tafe.

Sai ya ce, "Kin san girarki gal ce?"

"Mece ce?"

"Gal. Wani tsuntsu ne na bakin teku. Ni ma ban taɓa ganinsa ba." Ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa. "Fiffikensa daga kafaɗa yakan tashi sama, sai ya karye, ya miƙe. Da Turawa suka ƙera jirgi mai irin wannan fiffike, sai suka ba shi sunan tsuntsun. Akwai kuma wanda suka juya, ya fara yin ƙasa kafin ya tashi. Shi gal a kife suke ce masa."

Jama'a, ku gaya mini, wannan yabo ne ko zagi? An taɓa ce mini mai idon barewa, an taɓa ce mini mai wuyan balbela. Ba a taɓa kwatanta ni da tsuntsun da mai kwatancen ma bai taɓa gani ba.

Haka zancenmu yake kullum. Shi dai a Kano yana taimaka wa wani tsohon sajan Bature mai gyaran jirage, wanda suke kira Mai Lofe. Kafin yaƙi Baturen malamin makaranta ne a ƙasarsu, ba ya barin kalma ta wuce sai ya faɗi inda aka haife ta. Duk ya zuba wa Salmanu, Salmanu kuma ya zo yana zuba mini a zauren gidanmu. Na san jirgi mai fiffike kamar ƙwai da aka raba biyu, mutum ɗaya tak yake ɗauka, na faɗa ne. Na san mai fiffike biyu, wani bisa wani kamar ragaya. Wanda ya fi zana mini kuwa shi ne farasol.

"Kalmar mutanen Italiya ce," in ji shi, "Faransawa suka ara, Ingilishi suka ara a hannun Faransawa. Fara, tarewa. Sol, rana. Abin tare rana, laima ke nan. Fiffiken ba ya manne da jikin jirgin, a sama yake, kan 'yan ƙafafu, matuƙi yana zaune a inuwarsa."

In ya zo kan wannan zanen, hannunsa yakan yi sanyi. Sai ya goge da tafin hannu, ya sake zanawa. Na lura, amma na ɗauka iyayi ne.

Ranar dai na ƙudura sai na ji matsayina. Na ce, "Malam, ni a cikin waɗannan duka wacce ce?"

Ya yi murmushi, irin wanda ba kasafai yake yi ba. "Ke daihidiral ce."

"Allah ya sa alheri ne. Me take nufi?"

"Harshen Yunanawan dā ne. Fuska biyu."

Wallahi sai da na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na ja fatalata na miƙe.

"Fuska biyu? Ni ce munafukar?"

"A'a, tsaya ki ji. Fuska biyu da suka haɗu a tsakiya. Fiffiken da ya ɗan ɗaga sama hagu da dama, kamar hannun mai roƙon Allah. In iska ta ture irin wannan jirgi gefe, shi da kansa yake komawa daidai, ko matuƙi bai taɓa komai ba. Ke aka yi wa rasuwa, aka ɗauke miki ɗan'uwa, ga ki tsaye."

Na koma na zauna. Zuciyata ta yi laushi, ban san lokacin da na ce, "Ai ɗan'uwana ba a ɗauke shi ba, aiki ya tafi."

Sai fuskarsa ta sake. Ya zuba wa ƙasa ido, ya manta ina wurin. Can na ji ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa, "Elaron. Da ma na koma na sake duba ta."

Na yi masa sallama da ladabi, na shiga gida, na kwance murjanin na jefa cikin taskira. Elaron. Na juya sunan a bakina har ya yi ɗaci. Ba sunan Bahaushiya ba ne, ba na Gwari ba, ba na Fulani ba. Na ce lallai wata ce a Sabon Garin Kano, irin masu sa riga iya gwiwa, masu jin Turanci. Na ƙera mata fuska, na ba ta dogon hanci, na tsane ta tas.

Washegari Huraira ta zo da nono. Matar Jaji ce, Bafulatanin da rugarsu take can cikin daji bayan Gayam, kuma ita ce ke kai mana saƙo ni da Salmanu, don takan bi ta ƙofar gidansu in za ta kasuwa. Na taya ta sauke ƙwarya, na ja ta bayan rumbu.

"Ki tambaye shi wacece Elaron."

Da azahar ta biyo da amsa. "Ya ce ba mutum ba ce."

"To aljana ce?"

"Bai faɗa ba." Ta gyara gammonta, ba ta dube ni ba, ta kira sunana irin faɗarsu ta ruga. "Usaina, ni daga yau ki nemi wani ɗan aike. Mutumin nan naki tambaya ta yi masa yawa. Yana tare mazanmu a kasuwa yana yi musu zane a ƙasa, wai wanne kuka ga ya wuce bara da kaka, mai ƙwai ko mai laima. Jaji ya ce in daina tsayawa da shi."

"Shi haka yake, kowa ya samu sai ya yi masa zane."

"Allah ya sa haka ne," in ji ta, ta ɗauki ƙwaryarta.

Kaina ya ƙara ɗaurewa. Huraira da ba ta raina abin dariya, yau ko haƙoranta ban gani ba.

Gwaggo kuwa ba ta zauna ba. Ta tsaya kan Baba a maƙera har sai da ya aika a kira Salmanu, ya zo ya faɗi abin da ke tafe da shi, ya fito ko ya ba wasu wuri. Salmanu bai taɓa shiga maƙerar Baba ba, iyakarsa zaure. Ni kuwa na dama fura a sabuwar ƙwarya, na rufe da faifai, na zo na tsaya bayan zana. Kada ku ce laɓe na yi. Fura na kawo, sai dai ban yi saurin shiga ba.

Ya kamata in gaya muku abin da Baba yake ƙerawa a kwanakin. Saboda yaƙi tagulla ta yi wuya, kwanon kanti ma ba a samu. Sai Jaji ya fara kawo masa wani farin ƙarfe marar nauyi, yana karɓar mundaye da 'yan kunne na matan ruga a madadinsa. Ƙarfe ne mai daɗin aiki, yana narkewa ba gardama. Da shi Baba ya yi mini tasoshi da faranti da ludayi, ya ce ko wa na aura, ɗakina ba zai ji kunya ba. Munduwar da ke hannuna a ranar ma daga ciki take.

Na ji Salmanu ya yi sallama, ya durƙusa, sun gaisa. Baba ya fara, "Salmanu, kai ɗa ne a gidan nan, shi ya sa ba zan yi maka kwana-kwana ba."

Na leƙa ta ɓular zana. Salmanu ba ya kallon Baba. Idonsa na kan tarin ƙarfen da ke jingine a lungu. Ya miƙa hannu ya jawo wani dogon yanki mai ramuka zagaye-zagaye, da wani abu kamar maratayin ƙofa a gefensa, da guntun yadi mai kauri manne da shi. Ya juya shi, ya sake juyawa. Sai ya zauna daɓas a kan toka da farar rigarsa.

"Baba, ina aka samo wannan?"

"Fulani ke kawowa. Lafiya?"

"Wannan elaron ce."

Ku yafe mini, dariya ce ta fara taso mini. Ashe kishiyar da na kwana ina tsana guntun ƙarfe ce. Na toshe baki da gefen fatala, furar na rawa a hannuna.

"Mece ce kuma haka?" in ji Baba.

"Faransanci ne, ɗan ƙaramin fiffike. Yana bayan babban fiffiken jirgin sama, ɗaya hagu ɗaya dama. In wannan ya ɗaga, wancan ya sauka, da su jirgi yake karkata ya yi kwana. In wayar da ke jansu ta tsinke a cikin hadari, matuƙi ba shi da ta yi."

Baba ya saki zugazugi. Kowa a garin nan ya ji shelar da dogarai suka yi bara, cewa Di'o, Baturen mulki, ya ce duk wanda ya ga tarkacen jirgi ya kai labari, wanda ya ɓoye kuwa gidan yari. Na ɗauka abin da ya tsorata Salmanu ke nan. Ashe da sauran magana.

"Baba, na yi muku ƙarya," in ji shi. "Hassan bai je Masar ba."

Nan take dariyar ta ɗauke.

Ya faɗa duka, kansa a ƙasa. Bara da kaka, ƙarshen ruwa, Baturen Hassan zai kai saƙo Ikko a wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu, ya ce boyinsa ya hau baya. Hassan yana ta murna, yana cewa zai leƙo Birnin Gwari daga sama ya ga rumbun Inna. Da safen Salmanu ne ya ɗaure wayoyin elaron, Mai Lofe ba shi da lafiya bai duba bayansa ba. Jirgi ya tashi, hadari ya haɗu ta yamma, ba a sake jin labarinsu ba. Turawa suka yi ta shawagi suna nema har suka gaji. Aka sallami Salmanu ya kawo mana labari.

"Na zo da niyyar faɗa. Na shigo na tarar Inna tana ajiye masa daddawa, wai in mai zuwa Kano ya samu. Bakina ya ƙi."

Da Baba ya buɗe baki muryarsa ba ta tashi ba.

"Ka ci tuwon gidana da wannan a cikinka."

"Na ci, Baba."

"Wannan ƙarfen na jirginsu ne?"

"Ban sani ba. Jirage da yawa suna bin hanyar nan, ba ɗaya ne ya ɓata ba. Guntu ba ya faɗin komai, sai na ga fiffiken inda ya haɗu da jiki. In mai ƙwai ne, mutum ɗaya ne a ciki, ba su ba ne. In gal ne, ba su ba ne. Nasu mai laima ne."

Na dubi munduwar hannuna. Na so in cire, ta ƙi wuce ƙashi.

Baba ya ce, "Kada uwarsa ta ji tukuna. Gobe in an yi asuba za mu ruga."

Ban san lokacin da na ɗaga zana na shiga ba. Na ajiye furar gaban Baba. "Da ni za a je."

"Huseina, koma ciki."

"Baba, tare muka zo duniya da shi. In shi ne a can, ni zan fi kowa sani."

Ya dube ni, ya dubi wuta, bai ce a'a ba.

Da Salmanu zai fita na bi shi har bakin zaure. Toka duk ta ɓata masa riga. Ban tausaya masa ba, kuma ban iya jin haushinsa yadda ya kamata ba, abin da ya fi ruɗa ni ke nan.

"Malam, tambaya ɗaya. Ni ka zo nema garin nan ko jirgi?"

"Da farko jirgi."

"Yanzu fa?"

"Yanzu na kasa raba ku."

Wannan ita ce kalmar soyayya ta farko da ya taɓa gaya mini da Hausa, kuma har yau ban san ko soyayya ba ce.

Muka ce wa Inna za mu kai mundaye ruga. Ta ƙulla mana dambu a ganye, ta ce mu gaishe da Jaji. Na kasa kallon idonta. Baba ya hau jaki, ni da Salmanu a ƙasa, shi a gaba ni a baya. A hanyar Gayam muka ci karo da Huraira za ta gari da nono. Da ta ga Salmanu tare da mu sai ta tsaya cak.

"Juya ki kai mu wajen mijinki," in ji Baba.

"Baba, shanu sun yi nisa."

"Ba shanu na zo gani ba."

Ta juya. Muka bar gonakin dawa, muka shiga daji. Ciyawa ta fi ni tsawo, raɓa ta jiƙa mini zane har ƙugu, ƙudan tsando na cizo ta cikin fatala. Muka ƙetare rafi, muka bi ta ƙarƙashin doka da maɗaci inda rana ba ta sauka ƙasa. Birai suna ta tsalle a sama. Da muka isa ruga, abin da na fara gani shi ne wata bukka da aka rufe samanta da yadi mai kauri, irin guntun da na gani a maƙera. Salmanu ma ya gani, ya kau da kai.

Jaji dattijo ne siriri mai farin gemu, sun daɗe suna hulɗa da Baba. Ya saurari Baba har ya gama, yana dogare da sandarsa. Ya dubi Salmanu tun daga hula har takalmi. Sannan ya ce, "Maƙeri, da na san akwai naka a ciki, da ban kai maka ƙarfen ba. Mu je."

Wurin yana cikin wani kwari. Gangar jikin jirgin ta ƙone, ciyawa ta fito ta cikinta. Amma fiffiken bai faɗo ba. Yana sama, ya maƙale tsakanin manyan itatuwa biyu, an yanke gefensa ɗaya, ƙasusuwansa a waje kamar haƙarƙarin saniya. A ƙarƙashinsa 'yan ƙafafu suna reto, babu abin da suke riƙe da shi.

Ban jira Salmanu ba. An zana mini shi a zauren gidanmu har na haddace.

"Mai laima ne," na ce.

Salmanu ya durƙusa a inda yake, ya rufe fuska da hularsa.

Jaji ya nuna mana gindin wata kirya. Tarin duwatsu biyu ne, kusa da juna. "Mun ji ƙara cikin ruwa, da gari ya waye muka zo. Bature ɗaya, baƙin mutum ɗaya. Muka rufe su. Ba mu kai labari ba, don Bature in ya mutu a kusa da rugarka, kai da shanunka kun shiga uku."

"Wanne ne nawa?" in ji Baba.

Jaji ya nuna na dama da sanda.

Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba sai ranar. Ya zauna gefen duwatsun, ya ɗaga hannu yana addu'a, hawaye na bin gemunsa. Salmanu ya matso bayansa yana amin. Ni kuwa na tsaya kamar kututture. Na jira kukan ya zo, bai zo ba. Tun muna yara in Hassan ya yi tuntuɓe a gona nakan ji yatsana yana zafi a gida, kowa ya san wannan a unguwarmu. Ga ni tsaye kan kabarinsa, ban ji komai ba sai cizon ƙuda. Na ce ko zuciyata ce ta bushe? Ko son Salmanu ne ya toshe ni har na daina jin ɗan'uwana?

Huraira ta kama hannuna. "Zo ki wanke fuska, kada ki faɗi."

"Ba abin da ya same ni."

"Zo dai."

Ta ja ni muka gangara rafi, inda ƙarar ruwa take rufe magana. Ta tsuguna kamar mai ɗiban ruwa, ta jawo ni ƙasa kusa da ita.

"Usaina, ɗan'uwan nan naki, yana da tabon ƙuna a nan?" Ta taɓa bayan hannunta na hagu.

Tartsatsin maƙera ne, tun muna shekarun wasan ƙasa. Na gyaɗa kai.

"Wallahi ban san naku ba ne. Bai taɓa faɗin sunansa na gaskiya ba, bai ce shi ɗan garin nan ba ne. Sai yau da na ji Baba ya ce nasa ne, yana kiran sunansa cikin addu'a."

"Wa bai faɗa ba? Gawa tana magana ne?"

"Kabarin dama duwatsu ne kawai. Babu kowa a ciki."

Na ji rafin ya yi nisa, ya dawo.

"Da ransa muka ciro shi, ƙafa a karye. A bukkata ya yi jinya har ya taka. Shi ya roƙi Jaji a tara duwatsu biyu, ya sa shi ya rantse. Na san inda yake yanzu, ba nisa."

"To me ya hana shi zuwa gida? Inna tana can tana ajiye masa daddawa."

"Ban sani ba. Abu ɗaya ya yi ta maimaitawa, ko cikin zazzaɓi." Ta waiga bayanta, ta ƙara rage murya. "Ya ce wata rana wani zai zo daga Kano, wanda ya san sunan kowane fiffike. Ya ce ko duniya duka za ta san yana raye, ban da wannan mutumin."

Na tuna wanda ya ɗaure wayoyin elaron a safiyar da jirginsu ya tashi. Sai na ji ciyawa ta motsa a saman gangaren, na ji takun takalma masu nauyi suna saukowa a hankali.

Salmanu ne, idanunsa jajur, yana riƙe da butar Baba zai ɗebi ruwan alwala. Ya dube ni, ya dubi Huraira da ta sunkuyar da kai tana wanke hannun da ba shi da datti.

"Huseina," in ji shi, "me take gaya miki?"